Minti Ɗaya a Ƙofar Baya

Mahauci ne ya fara ganin turken babu saniya. Ya zo da sassafe da motarsa zai ɗauki Goshi, tsohuwar saniyar da Maigida ya sayar masa bayan ta daina ba da madara, sai ya tarar da igiya a yashe a ƙasa. Ba yanka ta aka yi ba, kwance ta aka yi, kwancewar mai natsuwa. Tun da aka yi cinikinta aka ware Goshi a wata 'yar rumfa can bayan gona, a zuba mata ciyawa da safe, ba a ƙara leƙa ta sai wata safiyar. Haka mutane suke. Abin da ya daina amfanarsu, a gona yake ko a cikin gida, ba sa leƙa shi sau biyu a yini.

Kafin hantsi ma'aikata sun cika wurin, kowa na magana, babu mai saurare. Mai gadin ƙofar gaba ya rantse ko kaza ba ta wuce ta gabansa ba. Saura ƙofar baya. Ita ba ta da mai gadi, na'ura gare ta: duk lokacin da aka mayar da sakatarta, saƙo zai shigo wayar Maigida ya faɗi lokacin da aka buɗe da lokacin da aka rufe. Maigida ya ɗaga wayar sama kamar wanda ya shaƙo wuyan ɓarawo, ya karanta saƙon jiya, guda ɗaya tak. An buɗe ƙarfe shida da minti biyar na yamma. An rufe ƙarfe shida da minti biyar na yamma.

Mutum ɗaya ne ke bin ƙofar nan a wannan lokaci, kuma kowa ya san shi. Mai Dusa ne, wanda ke turo baro daga injin niƙa kullum da yamma ya jibge buhuna a sito. Aka jawo shi gaba. Bai musa ba. Ya ce shi ne ya rufe ƙofar, amma ba shi ya buɗe ba. A sake ya tarar da ita, ya shigo da baronsa, ya ja ta ya sa sakata. Wani ya yi dariya. Wani ya ce minti ɗaya ya ishi mutum ya miƙa wa abokin satarsa saniya ta bakin ƙofa. Maigida ya ce a kira Mai Sawu.

Mai Sawu dattijo ne da ya tsufa yana kallon ƙasa. Ya dawo wa mutane da awaki da jakuna da shanun da masu su suka riga suka haƙura, kuma ba a taɓa jin ya ɗora wa wani laifi a kan zato ba. Akwai abu ɗaya kuma da kowa ya sani amma ba wanda ya tuna da shi a safiyar nan: na'urar ƙofar baya 'yarsa ce ta haɗa ta. Ita ta koya wa kanta rubuta manhaja a wata tsohuwar kwamfuta, shi kuma ya taka da ƙafarsa ya roƙi Maigida ya ba ta aikin. Ranar da saƙon farko ya shigo, babu wanda bai gaya wa ba a unguwa.

Ya sa aka ja baya, ya tsuguna. Sawun Goshi bai da wuyar ganewa, kofatonta na baya na hagu ya ɓalle a gefe. Ta fita a natse, babu turjiya, babu jan igiya. A kan sawunta akwai sawun takalmin roba da tayar baro. Kaɗan daga waje akwai kashinta. Ya taɓa shi da yatsan ƙafa, ya ji bayansa ya yi ɓawo ƙam, irin wanda rana tsaka ta gasa. Kashin da aka yi da yamma ya kwana a raɓa ba ya yin haka. Ya san wannan tun yana yaro. Ya ɗaga kai ya ga wayar a hannun Maigida, ya ga idanun mutane a kansa, ya tuna 'yarsa.

Maigida ya tambaye shi me ƙasa ta ce.

"Takalminsa na kan sawunta," in ji Mai Sawu.

Gaskiya ya faɗa. Wanda ya koro saniya daga baya takalminsa zai hau sawunta; wanda ya zo bayan ta daɗe da wucewa ma haka. Rabin farko ya bari suka ji, ya haɗiye rabi na biyu, kuma gaskiyar da aka yanke biyu da gangan ta fi ƙarya dafi, don ba a iya kama mai ita.

Ba sai an faɗi wanda ya fara duka ba. A irin wannan taro hannu ba shi da suna. Kafin Mai Sawu ya miƙe tsaye wani ya sauke ƙotar shebur a kan hannun Mai Dusa na dama. Maigida ya tsawatar, ba don tausayi ba, don kada a yi kisa a gonarsa. Ya sa aka kulle Mai Dusa a siton dusa, ya ce in saniya ba ta fito ba zuwa gobe da yamma, 'yan sanda za su zo su ɗauke shi. Ba shi da ikon kulle ɗan mutum, amma ba wanda ya tuna masa.

*

Mai Sawu ya bi sawun har inda ƙasa ta koma tsakuwa, nan ya ɓace masa. Maimakon ya yi zagaye ya nemo shi, kamar yadda ya saba, sai ya juya ya tafi neman abokin satar da aka ƙirƙira.

Ya fara da mahauci. Ya same shi a shagonsa yana wasa wuƙa, ransa a ɓace. Mahaucin ya buɗe masa firji, ya baje masa fatun da ke bayan shago ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya duba ko akwai mai farin goshi. Ya ce shi bai taɓa jin wawan da zai saci abin da za a miƙa masa da safe ba, in kuwa akwai shi, to a haɗa su ya ga irin kansa. Ƙarfe shida na jiya yana nan yana awo, mata goma za su shaida, har da wadda ta zage shi a kan ƙashi.

Daga nan sai Dogo, makiyayin da Maigida ya kora watan jiya saboda barci a kan aiki. Shi ma'aikata suka fi zargi, don an ji shi yana cewa sai gonar ta yi kuka. A tashar mota Mai Sawu ya same shi yana lodi. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe har yanzu ana tunawa da shi. Ya ce da zai yi sata a gonar nan, ba kakar shanu zai ɗauka ba, wadda sai an yi mata addu'a kafin ta hau tudu. Ƙarfe shida na jiya yana kan mota yana ɗaure kaya, direba ya shaida, mai shayi ya shaida.

Kowa yana da inda yake da ƙarfe shida. Shi kuma Mai Sawu ƙarfe shida kaɗai yake tambaya.

Da la'asar ya biya gidan Maigida. A gindin bishiyar ƙofar gida ya tarar da Tsoho, mahaifin Maigida, a kujerarsa ta kullum, ya kwantar da sandarsa a ƙarƙashin kujera. Tsoho ne ya kafa gonar da shanu uku, shi ya zaro Goshi daga cikin uwarta da hannunsa. Yanzu ba a tambayarsa, sai dai a gaya masa. Ranar da ya ce kada a sayar da ita, ɗansa ya ce a gaban ma'aikata rikicin tsufa ne, aka yi murmushi aka wuce.

Suka gaisa. Mai Sawu ya yi masa jaje, ya tambaya ko ya ji wani abu jiya. Tsoho ya ce shi me zai ji, yana nan zaune da ɗansa suna shan shayi lokacin da wayar ta yi ƙara. Sannan ya tambaya ko an kai wa yaron nan abinci a sito. Mai Sawu ya ce matar yaron ta kai. Suka taɓa maganar zafin bana. Da ya tashi tafiya, Tsoho ya sake tambayarsa ko yaron ya ci abinci. Mai Sawu ya ɗauka mantuwa ce.

*

Washegari da safe ya je sito. Matar Mai Dusa na zaune a ƙasa a gindin taga da kwanon da ba a taɓa ba. Ba ta gaishe shi ba, ba ta zage shi ba, ta dai janye ƙafarta don ya wuce, wannan kuwa ya fi zagi. Ta tagar ya hango Mai Dusa a kan buhu, hannun ya kumbura ya yi kamar gwanda, yatsu biyu sun karkace.

Mai Sawu ya ce masa ya faɗi wanda ya karɓi saniyar a huta. Muryarsa ma ba ta yarda da shi ba.

"Kawu, ba ni da wanda zan faɗa," in ji Mai Dusa. "Ƙofar a buɗe take. Har kare na tarar kwance a bakinta yana barci, sai da na taka masa wutsiya da baro ya tashi. Kai da kake ganin inda tururuwa ta bi, ba ka ga makwancin kare ba?"

Ya gani. Jiya ya ga ramin da karen ya yi a yashi tsakanin ginshiƙan ƙofa, ya ɗauke kai. Kare ba ya shimfiɗa barci a ƙofar da aka buɗe minti ɗaya.

Ya fita ta ƙofar baya, ya koma inda tsakuwa ta cinye masa sawu, ya yi abin da ya kamata ya yi tun jiya. Ya yi zagaye, ya faɗaɗa, ya sake faɗaɗawa. Can ya sami ciyawar da aka tsinke da baki, can ya sami dutsen da aka juya cikinsa sama. A hankali alamun suka kai shi bakin titi. Rana ta take tsaka, zufa na shiga masa ido. Ya sa ƙafa zai tsallaka, sai takalminsa ya kama. A wurin akwai facin da masu gyaran titi suka yi, kwaltar ta yi laushi da zafi kamar danƙo. Ya cire takalmin da ƙyar, ya ga hoton tafinsa ya zauna daram.

Kusa da shi akwai wani hoton. Kofato ne, gefensa a ɓalle.

Ya tsuguna a gefen titi, motoci na wucewa suna masa ƙaho. Ya san kwaltar nan. Da yamma ta kan daskare, ko an tuƙa garke a kanta ba za ta nuna ba. Goshi da rana tsaka ta bi nan, lokacin da Mai Dusa ke can injin niƙa yana jiran layi a gaban mutane. Kuma ba ita kaɗai ba. A gefen kofaton akwai wani ɗan zagaye mai zurfi kamar bakin kwalba, sai wani a gaba, tazarar takun mai tafiya a hankali. Robar ƙasan sanda.

A hayin titi sawun ya fito fili, ko makaho zai bi. Ya kai shi wani tsohon lambu da iyalin Maigida suka daina nomawa. A inuwar mangwaro ya ga Goshi tana tuƙa. An ɗaure ta da ƙulli irin na da, an ajiye mata bokitin ruwa da ɗanyar ciyawar da aka yanko a safiyar nan. Ta dube shi ba tare da damuwa ba. Ita kaɗai ce a cikin wannan magana ba ta da abin ɓoyewa.

*

Bai wuce gona ba, gida ya nufa. 'Yarsa na ɗakinta, tebur cike da wayoyi da ƙananan sukurori, kwamfuta a buɗe, abincin rana a gefe ya huce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ya zauna a bakin gado, ya ce mata saniya da rana ta fita, wayar kuma ta ce da yamma, to ɗayansu na ƙarya, kuma kwalta ba ta san kowa ba.

Ba ta yi mamaki ba. Wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Ta ce na'urar ba ta san ƙarfe kaza ba, ƙirga kawai take yi, lamba mai tsawo da ba mai iya karantawa. In za a aika saƙo sai an juya lambar ta zama rubutu irin wanda mutum ke ganewa. Wannan juyin ba ita ta rubuta shi ba, aro ta yi daga laburaren masu manhaja, wato tarin ƙananan ayyukan da wasu suka riga suka rubuta kowa na ɗauka. Shi kuwa wannan aikin allo ɗaya gare shi. In ka ba shi lamba sai ya rubuta lokacin a allon ya nuna maka. In ka ƙara ba shi wata, sai ya goge ta farko ya rubuta sabuwar a wuri ɗaya. Dole mai aro ya kwafe na farko kafin ya nemi na biyu. Ita ba ta kwafe ba. Ta ba shi lokacin buɗewa, ta ba shi lokacin rufewa, sannan ta karanta allon sau biyu. Duk saƙon da ya taɓa zuwa wayar Maigida, lokacin rufewa ne aka rubuta a gurbi biyu. Ba wanda ya lura, don mutane kan shiga su ja ƙofa nan take. Gargaɗin na nan a bayanin laburaren ƙarara, ta tsallake shi saboda sauri.

Ya tambaye ta yaushe ta gane.

Ta ce jiya da azahar, da ta ji an kulle mutum. Ta duba tsofaffin saƙonni, ta ga har ranar da motar ciyawa ta yini tana sauke kaya an ce minti ɗaya. Ta ciro ainihin lambobin daga cikin na'urar. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci aka buɗe ƙofar.

"Tun jiya," in ji shi.

"Baba, na ɗauki waya sau uku zan kira ka." Ta sunkuyar da kai. "Ba Maigida na ji tsoro ba. Fuskarka na ji tsoro. Ka gaya wa kowa."

Faɗan da ya taho da shi ya cika masa baki. Ya so ya ce mata mutum na kwance a kan buhu da karyayyen hannu ita tana nan tana tsoron fuska. Sai ɓawon kashin nan ya dawo masa a yatsan ƙafa.

"Na riga ki yin shiru, Uwata," ya ce. "Ke sai da kika bincika kika sani. Ni ina tsugune a kai na sani. Ɗauko mayafinki. Kada ki gyara komai tukuna."

*

Ya aika aka kira kowa bakin ƙofar baya kafin 'yan sanda su iso. Maigida ya zo yana duba agogo. Mahauci ya zo, Dogo ya zo don kada a ba shi labari. Ma'aikata suka jeru jikin katanga. Aka ɗauko wa Tsoho kujera, ya zauna ya tura sandarsa ƙarƙashi. Da Mai Sawu ya ce a fito da Mai Dusa, Maigida ya so ya ƙi, sannan ya jefa wa mai gadi makulli. Matar ta tsaya a bayan mijinta tana tallafe da gwiwar hannunsa.

Kafin ya ce komai, Mai Sawu ya zare sakata ya wangale ƙofar, ya ce a bar ta haka.

Da kansa ya fara. Ya faɗi kashin da ya taɓa, da makwancin kare, da rabin maganar da ya haɗiye, da dalilin da ya sa ya haɗiye ta. Bai sassauta wa kansa ba, bai kuma yi kuka ba, don kukan mai laifi a gaban jama'a sau da yawa roƙon rangwame ne. Sannan ya faɗi kwalta. Ya ce duk mai shakka ya je yanzu ya taka ta ya ga ko za ta karɓi sawunsa.

Maigida ya ce duk wannan magana ce, shi abin da ke rubuce ya sani. Uwata ta matso, ta yi bayanin allo ɗaya. Rabin mutanen ba su gane ba. Dogo ya ce shi dai ya gane an kore shi saboda barci an ɗauko na'ura mai ƙarya. Ba wanda ya yi dariya. Sai Mai Sawu ya ce mata ta rufe ƙofar. Ta ja ta, ta mayar da sakata. Wayar Maigida ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa mahauci. Mahaucin ya karanta da ƙarfi: lokacin buɗewa da na rufewa ɗaya ne, ƙofar da kowa ya ga ta daɗe a wangale har inuwar katanga ta matsa.

Wanda ya riƙe shebur jiya ya ɓoye hannuwansa a baya.

Maigida ya ce to wa ya buɗe da rana. Ya juya kan Dogo, ya juya kan mahauci, yana neman inda zai sauke fushinsa. Mai Sawu bai dubi ko ɗayansu ba. Ya je gaban kujerar Tsoho ya durƙusa, kamar yadda ɗa ke yi.

"Baba, ara mini sandarka."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsoho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sunkuya da kansa ya jawo ta. Mai Sawu ya juya ƙasanta sama. Robar ta yi baƙi ƙirin da kwalta, tsakuwa ta manne a jiki, ga alamar inda aka kankare da wuƙa bai fita ba.

"Tana lambu," in ji Tsoho. "Ko igiya ban riƙe ba, bina ta yi. Sakatar ce ta fi ƙarfin hannuna, na kasa mayar da ita." Ya dubi ɗansa. "Da na ce ni ne, da ka ce rikicin tsufa, ka sa a rufe mini ƙofa ni ma. Na ce da yamma zan faɗa. Yamma ta yi na ce da safe."

Saniyarsa ce ya ɓoye, ba wanda zai kira wannan sata da zuciya ɗaya. Amma ya yi mata yankan ciyawa da safe alhali ɗan wani na kwance a sito, kuma tsufa ba ya wanke wannan.

Mahauci ya ce shi ya fasa. Naman da ya karya hannun mutum tun kafin a yanka shi ba zai shiga shagonsa ba.

Maigida ya yi gyaran murya. Ya ce kuskuren na'ura ne, kowa ya gani. Ya ce za a kai Mai Dusa asibiti da motarsa yanzu, aikinsa na nan, har ma za a ƙara masa da aikin kula da sito. Yana magana yana kallon waya, don ta fi fuskar mutum sauƙin kallo.

Mai Sawu ya tashi ya je gabansa. Bai taɓa sanin ƙasa na da nauyin kallo ba sai ranar, don a karon farko ya so ya dube ta ya kasa samun dalili.

"Ka yafe mini."

"Na'ura ba ta da ido, Kawu," in ji Mai Dusa a hankali. "Yarinya kuma yarinya ce, Baba tsoho ne. Da aka ce a kira ka, sai da na ji sanyi a raina. Na ce wa kaina shi ke nan, mai gani ya zo."

Ya ce wa matarsa su tafi, akwai asibiti a hanyarsu. Ya zare sakatar da hannun hagu, ya fita, ya tsaya a bakin ƙofar. Ya daɗe a tsaye. Ya dubi baronsa da ke jingine jikin sito, ya dubi mutanen da ya yi shekaru yana gaisawa da su, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya riƙe idonsa. Sannan ya ja ƙofar, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa ya mayar da sakata, don shi mutum ne da ba ya barin ƙofa a buɗe.

Wayar ta yi ƙara a hannun Maigida. Ba wanda ya ce a karanta.

Mai Sawu ya leƙa ta cikin ƙarafan. Sawun takalmin roba ya miƙe ya nufi titi, na matar a gefensa, babu tayar baro. Taku ne daidai, ba sauri, ba tsayawa, ba inda dunduniya ta juya don a waiwaya. Ya karanta shi har ƙarshe, kuma wannan karon babu rabin da zai haɗiye.